Lambar da Attahiru Ya Rubuta a Jikin Tsamiya

Idan ka bar Bodinga ka nufi wajen Dingyadi, akwai wata fadama da hanya ke bi ta gefenta, a bakin fadamar kuma akwai wata tsamiya mai ƙusa a jiki. Ƙusar ta yi tsatsa, itacen ya kusa haɗiye ta, amma tana nan. Wanda ya kafa ta shi ne Attahiru Na'Allah, wanda mutanen wurin ke kira Attahiru Mai Inji. Labarinsa nake so in ba ku, ku gyara zama.

Sunan nan na Mai Inji ya same shi tun a Jamhuriya ta Biyu, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. A lokacin aka kawo wa fadamar injin ban ruwa mai shan man gas, ƙato, kore, mai ƙara kamar tsawa. Aka ce a ba da yaro mai natsuwa a koya masa, dattawa suka nuna Attahiru. Ya yi mako biyu a Sakkwato, ya dawo da takardar shaida da akwatin sifana. Ba a yi shekara biyu ba ƙasa ta shiga matsi. Masu zuwa duba inji suka ɗauke ƙafa, kayan gyara suka ɓace daga kasuwa, har sabulu da madara sai an bi layi. Injinan da aka raba wa sauran garuruwa duk suka mutu ɗaya bayan ɗaya, awaki suna kwana a ƙarƙashinsu. Na Attahiru ne bai mutu ba. Ya ɗaure shi da waya, ya yanka masa robar taya, ya toshe inda yake yoyo da fatar akuya. Ta kunne ya san shi. Yana daga zaure zai ce, "Injin ga shina jin ƙishin mai," a je a duba a tarar haka ne.

Injin ba da mabuɗi ake tayar da shi ba, wani lanƙwasasshen ƙarfe ne ake zura masa a murɗa. To, wannan ƙarfen Attahiru ya kafa wa ƙusa a jikin tsamiya. Duk wanda ranar ruwansa ta zo, ya ɗauka, ya tayar, ya mayar. Ba sai ka yi sallama a gidan Attahiru ba, ba sai ka roƙi kowa ba. Ya ce shi bai ga yadda zai kai ƙarfen ɗaka ya kulle, maƙwabcinsa ya zo yana sunkuyar da kai a kan ruwa ba. Injin ya tsufa ya mutu, aka koma ƙananan injinan fetur, igiyar ja ta maye gurbin ƙarfe, ita ma a ƙusar take kwana. Fiye da shekara arba'in ana haka, ko sau ɗaya ba a nemi abin da ke ƙusar an rasa ba.

Abu na biyu da ya kamata ku sani game da Attahiru shi ne irin albasarsa. Mahaifinsa, Malam Na'Allah, bai bar masa shanu ba, bai bar masa babbar gona ba. Iri ya bar masa: wata jar albasa mai siririn wuya, wadda za ka zuba a rudu, wato rumbun kara da ake adana albasa, ta yi wata shida ba ta yi wari ba. Irin albasa kuwa ba gero ba ne da za ka rufe a tulu ka manta. Shekara ɗaya ta wuce, rabinsa ya mutu. Biyu, sai dai ka ba kaji. Dole kowace shekara ka zaɓi iyaye masu kyau, ka dasa, su yi fure, ka tara sabon iri. Attahiru bai taɓa tsallake shekara ba, har shekarar farin da mutane suka ci dusa. Da can duk fadamar irinsa ake shukawa, amma a hankali kowa ya koma irin gwangwani na kanti mai saurin girma. Sai shi kaɗai ya rage da na uban.

A shekarar da nake ba ku labari, damina ta ƙare da ambaliya, ruwa ya wanke masa wurin reno da duk irin da ya yafa. Abin da ya rage masa a duniya na irin Malam Na'Allah shi ne iyayen da ke cikin rudu. Su ya dasa, fangali goma sha biyu, wato ƙananan gadajen ban ruwa, kusa da tsamiya. In suka yi iri, to. In suka mutu, an gama.

Sai mu dawo kan maganar ruwa. Fetur ya yi tsadar da manomi ba ya iya kallonsa, ruwan fadama kuma ya yi ƙasa. Ɗiyar Attahiru, Zulaihatu, wadda ke koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Sakkwato, ita da mijinta suka sa aka haƙa masa rijiyar burtsatse mai zurfi, aka saka famfo mai aiki da hasken rana. Wani saurayi mai suna Maniru ya zo ya haɗa. A jikin turken faifan sola ya ɗaura wani farin akwati mai 'yar koriyar fitila, sannan ya karɓi wayar Attahiru ya saka mata manhaja.

"Baba, akwatin ga akwai layi cikinai, kamar na waya," in ji Maniru. "In ka taɓa nan, ba da famfo wayarka ka magana ba. Saƙo shina bin intanet shi tahi can wata babbar kwamfuta a wata ƙasa. Ita ka duba lambar sirri. In daidai ta, sai ta ce ma akwati buɗe ruwa, ko rufe."

Attahiru ya dubi famfon, ya dubi wayar. "Wato ni da inji muna tsaye nan, kamu ɗaya tsakaninmu, sai maganata ta ƙetare teku ta komo kahin shi ji?"

"Awo, Baba. Amma kahin ka ƙihta ido."

"To ita kwamfutar, ta san ni?"

"Ba ta san kowa ba. Lamba ta sani. Duk wanda ya ba ta lamba, shi taka ɗauka Attahiru."

Ya ji, ya gyaɗa kai, ya ce ikon Allah. Maniru bai kai bakin titi ba Attahiru ya aika aka samo masa guntun farin fenti. Ya je jikin tsamiya, daidai ƙarƙashin ƙusa, ya rubuta lambar da manyan baƙaƙe yadda ko mai ciwon ido zai gani. A wurinsa abin a fili yake: da ƙarfe ne, ya zama igiya, yanzu ya zama lamba. Mazauninsu ɗaya.

Ranar da Zulaihatu ta zo ta gani, sai da ta dafe ƙirji.

"Baba! Lambar sirri ta hwa. Sirri!"

"Sirri daga wa, Zulai? Daga Ɗanbaba? Daga maƙwabcina Husaini da ya girma gabana a fadamar ga?"

"Baba, wanda zai ɗauki ƙarhe sai ya tako da ƙahwa tai, ka ga sawunai. Wagga ba ta da sawu. Mutum shina iya kwance ɗaki nai a Legas shi rufe maka ruwa."

Attahiru ya yi dariya har da tari. "Mi na yi ma mutumin Legas?"

Ta yi, ta yi, ya ƙi. Uba ne, ta haƙura. Mutum tara masu gona a gefensa suka sa manhajar a wayoyinsu, kowa da lambar tsamiya. Kuma gaskiya abin ya yi daɗi wata huɗu. Ɗanbaba, taubashin Attahiru kuma abokin tsokanarsa tun suna yara, yakan zauna a teburin mai shayi ya danna waya ya ce, "Ku saurara, bari in sa bawana Attahiru shi ba ni ruwa," a yi ta dariya.

Zafi ya fara shigowa lokacin da albasar ta yi fure. Fangali goma sha biyu, kowane tsiro da doguwar sanda da farin kai kamar dunƙulen auduga, ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Nan ne wurin da albasa ba ta yafe ƙishi: furen ya ɗaura, ƙwayar tana cika. Kwana uku ba ruwa, ƙwaya ta fara tsotsewa.

Ranar wata Talata da hantsi, ruwa yana cikin gudu, famfo ya tsaya. Rana tana nan tarwai, koriyar fitila tana ci. Attahiru ya danna wayarsa, ta nemi lamba. Ya sa, ta ce ba daidai ba. Ya je jikin tsamiya ya kwafa baƙi bayan baƙi, ta ce ba daidai ba. Kafin azahar mutum tara sun taru, kowace waya magana ɗaya take yi. An canja lambar.

Aka fara kallon juna. Wannan ya ce ai wane ya yi ƙorafin rabon ruwa makon jiya, wancan ya rantse da Alƙur'ani. Attahiru ya koma gefe. Ya kira lambar Maniru, a kashe. Ya kira Zulaihatu.

Washegari ta bar aji ta je shagon da aka sayi famfon. Ta tarar da mai sayar da katifa a ciki. Ya ce masu sola sun tashi tun wata biyu da suka wuce, bai san inda suka yi ba. A ranar Attahiru ya ɗauko Haliru mai gyaran wuta daga Bodinga. Haliru ya kwance murfi, ya leƙa, ya mayar.

"Kawu, ba ni taɓa shi. Abin da ka juya wutar sola da abin da ka magana da intanet, haɗe suke, an liƙe. In na yanke, famfo na iya ƙonewa can ƙasa, kuma ba ni da wani."

"Yanka, Haliru. Ni na ce."

"Wallahi Kawu, in ya ƙone ko an samu lamba gobe ba shi da amfani."

Attahiru ya kara kunne a jikin akwatin. Shekara arba'in yana jin ciwon inji ta kunne. Wannan ba ya tari, ba ya zafi, ba ya yoyo. Lafiyarsa ƙalau. Umarnin wani yake bi, shi ke nan.

Ranar Alhamis Husaini ya yi aron injin fetur daga Dingyadi, suka ɗauko a amalanke. Suka zura tiyo gefen famfon, suka ja igiya har hannu ya yi kanta. Ruwan ya yi zurfi, iska kawai injin ke zuƙa. Masu albasar ci da tumatir suka fara lissafin asara, amma su nasu in ya mutu akwai wani a kanti. Attahiru ya sunkuya ya matsa wani kan fure tsakanin yatsu, ya ga gefensa ya fara ja.

Sai ya tuna da tsohuwar rijiyar Malam Na'Allah, can ƙarshen fadama, wadda aka rufe da ƙaya tun da daɗewa. Ya kwashe ƙayar, ya sare reshe biyu, ya kafa jigo irin wanda ya bari tun yana yaro, da dutse a gindi da guga a kai. Akwai ruwa, amma ɗan kaɗan: ka ja guga ashirin, ka jira ta sake tarawa. Daga rijiyar zuwa fangulan kuwa tafiya ce mai ɗan nisa, da jarka biyu a kafaɗa, ga mutum mai shekara sittin da biyar. Matarsa Kaltume, wadda rabonta da fadama tun tana da ƙuruciya, ta yafa mayafi ta bi shi tana cika jarka yana ɗauka.

Da la'asar ya tsaya a bakin gonar yana haki. Abin da ya ɗebo tun safe fangali uku ya jiƙa.

"Malam, raba musu kaɗan-kaɗan mana," in ji Kaltume.

"In na raba, duka su mutu." Ya bi layin a hankali, yana duba kowane fangali kamar mai duba marasa lafiya. Ya karya kara ya soka a na biyu, da na biyar, da na shida. Sauran tara bai sake kallon wajensu ba, ko da zai wuce sai ya juya fuska.

Abin da ya fi karya masa zuciya ranar Asabar ya faru. Rana tsaka, yana tafe da jarka, sai ya ji ruwa. Famfo ya tashi da kansa, tiyo yana feshi. Ya yar da jarkunan, ya ruga, takalmi ɗaya ya fita, ya faɗi ya tashi, ya sa hannu biyu yana buɗe bakin fangula yana cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Ruwan bai kai fangali na huɗu ba ya ɗauke. Ya tsaya durƙushe. Jim kaɗan ya sake tashi, ya yi kamar ƙirga goma, ya mutu. Ya sake, ya mutu. Sau bakwai. Attahiru ya miƙe ya je gaban farin akwatin, laka har gwiwa, ya yi masa magana kamar mutum.

"Bawan Allah, ko wane ne kai, ina gaisuwa. Don girman iyayenka, bar shi buɗe. Yini ɗaya tak. Ban san abin da na yi maka ba, ka yahe mani."

Koriyar fitila tana ci. 

Ɗanbaba yana tsaye a bayansa ya ji duka. Shi ne tun ranar Talata ya fi kowa shiru, mutumin da bakinsa ba ya rufuwa. Ya cire hula, ya zauna a ƙasa.

"Attahiru, ina jin ni na kashe ka."

"Kai? Kai da ko kaza ba ka iya yankawa?"

"Bari wasa. Waya ta. Ran kasuwar Shagari na yi musanya, na ba da tsohuwa na amso wagga. Layi na na hidda. Abin famfo shina ciki, buɗe, ban goge komi ba. Ni ban san ana gogewa ba. Na ɗauka in ka zare layi, ta manta da kai."

Ya ce ya koma wajen mai wayoyin a ɓoye tun ranar Laraba. Mutumin ya ce ya haɗa ta da wasu ya sayar wa wani dillali, dillalin kuma mota ya shiga ya bar gari.

To ga shi nan. Har yau ba wanda ya san a hannun wa wayar ta faɗa. Zulaihatu ta ce wataƙila ma ba mugu ba ne: wani ne ya ga manhaja da hoton ɗigon ruwa, ta tambaye shi ko zai sa sabuwar lamba, ya sa, yana danna kore da ja don ya ga abin da zai faru. Bai san akwai tsoho da albasa a ɗaya ƙarshen ba.

Attahiru ya ɗauko jarkunan da ya yar. Sannan ya miƙa wa Ɗanbaba jarka ɗaya. "Tashi, ɗan banza. Kuka ba shi jiƙa ƙasa."

Zulaihatu ce ta tuna cewa Maniru ya taɓa ce mata mahaifiyarsa mutuniyar Mandera ce. Ranar Lahadi ta hau mota zuwa Shagari, ta hau babur zuwa Mandera, tana bi gida-gida tana tambayar tsohuwar da ɗanta ke aikin sola. Ta same ta tana sussukar gero. Tsohuwar ta kawo wata takarda daga ƙullin zane, da sabuwar lambar ɗanta. Ashe ya koma Kaduna. Da Zulaihatu ta kira lambar, Maniru ya ce akwai hanya, amma sai da katin da ya zo cikin kwalin, mai doguwar lamba, don shi ne kawai shaidar da kwamfutar za ta yarda da ita cewa akwatin nasu ne.

"Wane kati?" in ji Attahiru da ta kira shi. Shi kwalin ma ya ba yara sun yi mota da shi.

Kaltume ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta sauko da wata tsohuwar kwalla daga saman jere. Duk takardar da ta taɓa shigowa gidan nan tana ciki: katin rigakafi, katin zaɓe, takardar shaidar Attahiru ta zamanin babban inji da ta koma ruwan ƙasa. Katin famfon yana bisa takardar.

Ranar Litinin da safe, kwana na bakwai, Zulaihatu ta tsaya gaban akwatin da waya a kunne, Maniru yana faɗa tana yi. Akwai wani ɗan rami a ƙasan murfi, sai da aka karyo tsinken tsintsiya aka danna. Koriyar fitila ta koma ja, ta mutu, ta dawo. Ta karanta doguwar lambar, ta jira, sabis ya ɗauke, ta hau kan amalanke ta ɗaga wayar sama. Can sai ta ce, "Baba, tana son sabuwar lamba."

Mutum tara suna tsaye. Attahiru ya dube su, ya dubi tsamiya. Ya karɓi wayar, ya juya musu baya, ya kare ta da babbar riga ya danna. Kunnuwansa kamar za su kama wuta don kunya. Ruwa ya taso.

Fangali tara sun riga sun tafi. Kawunan sun bushe, ka murza sai ƙaiƙayi. Ukun da ya soka wa kara suka kai. Da ya yanke, ya shanya, Kaltume ta sheƙe, abin da ya fito bai cika gwangwanin madara biyu ba, a inda ya saba cika kwano. Ya zuba ƙwaya ashirin a jiƙaƙƙen tsumma don gwaji. Bayan mako, sha uku suka fasa. Ya kai tsumman har gidan Ɗanbaba ya nuna masa.

Ya kankare fentin da wuƙa, tabon yana nan a jikin itacen. Amma maganar ruwa ba ta bar shi ya huta ba. Kwana biyu da gyara, Ɗanbaba ya same shi a gindin tsamiya, yana ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "To, yanzu in ranata ta zo, sai in zo ƙohwar gidanka in yi bara?"

"Kai da lamba har abada," in ji Attahiru. "Ko matata ba ta san ta ba."

"Shi ke nan, mun zama mabarata."

"Wa ya ce? Duk mai son ruwa shi rataya hula tai ga ƙusa. In na gani, in buɗe. Ba sallama, ba godiya."

Haka ake yi har yanzu. Shi ya sa Attahiru, wanda aka sayo wa famfon don ya huta a gida, kullum yana gindin tsamiya tun hantsi, a kan buhu, waya a aljihun gaba da allurar ƙulli a bakin aljihun. In ka wuce ka ga wata tsohuwar hula mai maiƙo a ƙusar, ta Ɗanbaba ce. Ita kaɗai Attahiru yake bari ta ɗan sha rana kafin ya danna.